Kafin difiloma ta zo hannu: sitaj da aikin sa kai ga ɗaliban Adar



Maganata a yau guda ce: yadda ɗalibi zai koyi aiki da hannunsa tun bai bar benci ba, ta hanyar sitaj da aikin sa kai. Kafin in shiga, bari in share wata ƙura. A kwanakin nan in an ce "ƴan sa kai", hankalin mutane yana tahiya wajen masu ɗaukar makami su tsare gari. Wannan daban ne. Ni ina magana ne a kan wanda ya ba da lokacinsa da ƙarfinsa ga aikin jama'a ba don albashi ba, a likita, a lakkwal, a gona ko a biro.

Kowa a cikinku ya taɓa karanta sanarwar ɗaukar ma'aikata, ko a bangon wata ma'aikata ko a WhatsApp. Ana lissafa takardun da ake so, kana duba naka kana murna, sai ka iso layin ƙarshe: ana buƙatar wanda ya yi shekara biyu ko uku yana aikin. Nan jiki ke mutuwa. Ba a ba ka aiki sai ka goge, kuma ba ka gogewa sai an ba ka aiki. Da yawa daga cikin yayyenmu a wannan layin sunka tsaya. Wasu suna fada ana dafa shayi, wasu sun hau kabu-kabu, wasu sun ɗauki jaka sun bi hanyar da iyayenmu sunka sani, Abijan, Libiya ko Najeriya. Ban raina sana'ar kowa ba, kuma bida ta gina gidaje da yawa a Adar. Amma abin tausayi ne mutum ya yi shekara goma sha shida yana karatu, uwa ta sayar da akuya ta biya masa, a ƙarshe ya tahi bida da hannun da bai iya komai ba sai riƙon biki.

Jami'armu ta Tawa an kafa ta a shekarar 2010, lokaci guda da ta Maradi da ta Damagaram. Kafin nan, ɗan Adar da ya samu bak sai ya nufi Yamai ko ƙasar waje. Yau a nan gida ana karanta shari'a, tattalin arziki, tafiyar da ma'aikata, ilimin noma da ilimin koyarwa, ga kuma IUT. Kowace shekara ana yaye ɗalibai, kujerun gwamnati kuwa ba su ƙaruwa daidai da yawanmu. Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Ma'ana, layin da muke ciki ƙara tsawo zai yi. Abin da zai raba ka da na kusa da kai, ku biyu da lisans iri ɗaya, shi ne amsar tambaya guda: mi ka taɓa yi?

Wannan jami'a tana ɗauke da sunan Farfesa Djibo Hamani. Littafinsa a kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa ya fito a 1975, kuma kaso mai yawa na abin da ke ciki daga bakin tsofaffin garuruwanmu ya samo shi. Da ya zauna a ɗakin karatu kawai, da abubuwa da yawa sun bi masu su kabari. Sunan da ke bakin ƙofar makarantarmu ma yana ce mana a fita a je a gani.

Kuma kada wani ya ce mana koyo ta hanyar aiki baƙon abu ne da ƴan furoje sunka kawo. Ɗan maƙeri yana fara da zuga-zugi kafin a ba shi guduma. Magini yana fara da cuɗa ƙasa da miƙa tubali. Wanzami, mahauci, madunki, duk haka sunka tashi. Gayya kuma ita ce aikin sa kai na asali: a taru a nome gonar wani, gobe a koma ta wani. A zamanin Seyni Kountché, samariya ta gina azuzuwa da yawa a ƙasar nan da ƙarfin samari da ƴan mata. Ku tambayi iyayenku, akwai waɗanda sunka ɗauki tubali a ka a lokacin.

Bari in kawo misalai uku daga ƙasarmu, don a ga abin da hannu ke koyarwa.

Na farko, kwarin Majiya, wajen Buza. Iska tana kwashe ƙasar gona tana binne shuka. Wani ma'aikacin gandun daji na Buza, Dauda Adamu, da wani matashi ɗan sa kai daga Amurka na ƙungiyar Peace Corps, su ne sunka kai maganar gaban ƙungiyar CARE. A 1975 anka fara dasa dogon yaro layi biyu-biyu, tsakanin wannan shinge da wancan mita 100. Mutanen ƙauyukan ne sunka yi dashen. Shingayen sun kai ɗaruruwan kilomita, kuma har yau in ana lissafin ayyukan kare gona daga iska a Sahel sai an ambaci Majiya. Ku lura da abu guda: yaro ya taso daga wata duniya ya zo ya koyi aiki a gonakin kakanninmu, ya koma gida da ilimin. Mu da ke da gonakin fa?

Na biyu, Keita. Bayan farin da ya gigita ƙasar nan, a 1984 anka buɗe babban furojen raya karkara na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya, da hannun FAO, PAM kuma tana ba da abinci a madadin aiki. Tunda maza da yawa sun tahi cin rani, mata ne sunka fi yawa a fagen aikin. Su sunka kwashi duwatsu, sunka haƙa ramuka a jikin tuddai, anka dasa miliyoyin itatuwa, anka gina madatsun ruwa, fako ya koma gona. Yawancin matan nan ba su taɓa shiga aji ba, amma sun san yadda ake jera dutse ya tare ruwa ba tare da ruwan ya ture shi ba. Ɗalibin noma da ya kwana bakwai da su zai ji abin da babu shi a cikin kayensa.

Na uku, tassa. A 1989 wani furoje na FIDA ya ɗauki wasu manoma daga Illela ya kai su Yatenga, a Burkina Faso, sunka ga yadda manoman can ke faɗaɗa rami, su zuba taki, su tara ƙasar a gefen gangare don ta tare ruwa. Sunka dawo sunka gwada. Maƙwabta sunka gani sunka kwaikwaya. Cikin ƴan shekaru, a wajen Badagishiri har sayen fako ake yi, ƙasar da a da ko kyauta ba mai so, kuma samari sunka mayar da haƙar tassa sana'a ana biyansu. Gani ya kori ji.

To, yanzu mu zo kanmu. A takarda, ɗalibin noma ya san cewa ana haƙa rabin wata kamar 313 a hekta guda, kuma bakinsa yana kallon inda ruwa ke gangarowa. Zai rubuta haka ya ci maki. Amma ranar da anka miƙa masa tiyon awon ruwa anka ce ya fidda layin da ƙasa ta daidaita a kan fako, ga mutum hamsin riƙe da diga suna jiransa, rana tana dukan kowa, ranar ce zai san ko ya iya. In layin ya karkace, ruwan farko zai fasa aikin duka. Haka ɗalibin lissafin kuɗi: ya san zare da zubi a allo, amma bai taɓa zama da ma'ajin ƙungiyar manoman albasa na Tamaske ba, wanda rabin lissafinsa a ka yake, rabi a tsohon kaye. Haka ɗalibin shari'a: ya haddace dokar filaye, amma bai taɓa zama a gefe ba lokacin da hukumar filaye ta gari ke sasanta manomi da makiyayi a kan burtali, inda kalma guda marar daɗi ke iya ɓata sulhun wata uku.

Akwai kuma abin da sitaj ke koyarwa wanda ba ya cikin kowane darasi. Zuwa kan lokaci. Yadda ake gaida na gaba da yadda ake tambaya ba tare da an raina ka ba. Riƙe sirrin ma'aikata. Rubuta rahoton shafi ɗaya da mutum zai karanta ya gane. Da kuma mayar da abin da ka koya da Faransanci zuwa Hausa ko Tamajak, yadda tsohuwa a Barmu za ta fahimta. Wanda bai iya bayyana iliminsa da harshen mutanen da zai yi wa aiki ba, da sauransa.

Wani zai ce, to ina wuraren suke? Gaskiya ne Tawa ba Yamai ba ce, kamfanoni ba su da yawa. Amma mu daina kallon manyan ƙungiyoyi masu farar mota kaɗai. Akwai ma'aikatun magajin gari, na birni da na karkara: Kalfu, Barmu, Affala, Bambay, Tamaske, Ibohaman, Garhanga. A yawancinsu ma'aikata kaɗan ne, aiki ya yi musu yawa, musamman wajen takardun haihuwa da lissafin haraji. Akwai ma'aikatun noma, kiwo, muhalli da ruwa na jiha da na gundumomi. Akwai babbar likita ta jiha, da cibiyar kula da uwa da yaro, da ƙananan likitoci na unguwanni da ƙauyuka. Akwai gidajen rediyo masu zaman kansu da na karkara, asusun ajiya da bashi, ƙungiyoyin manoma da na mata, masunta a tabkin Tabalak, masana'antar siminti ta Malbaza. Akwai garejin unguwa, da mai haɗa fanon hasken rana, da mai gyaran famfo. Ɗalibin da ke ganin ya fi ƙarfin ya zauna gaban mai gyara don shi yana jami'a, kansa ya cuta.

A ɓangaren sa kai ma ƙofofi a buɗe suke. Kuros Ruj ta Nijar tana koyar da agajin gaggawa, ilimin da zai bi ka har tsufa. Kowace damina ana bi gida-gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzabin cizon sauro, ana kuma auna damtsensu da zaren nan mai launi uku don gano tamowa. Wanda ya taɓa shiga irin wannan aiki ya koyi cika fom, ya koyi haƙuri, ya koyi yadda ake shawo kan maigidan da ya ce ba a shiga gidansa. Lokacin hutu, kana iya tara yaran unguwarku, Bilbis ko Garkawa ko Wadata, ka koya musu karatu da lissafi awa biyu a rana. Wannan ba ya buƙatar izinin minista. Allo, alli da yardar iyaye sun isa.

Gwamnati ma tana da nata hanyoyin. Akwai bautar ƙasa, sarbis sibik, shekara biyu bayan kammala karatu. Akwai hukumar ANVD da anka kafa a 2014 don tsara aikin sa kai na ci gaban ƙasa. Akwai ANPE mai kula da masu neman aiki, akwai FAFPA mai tallafa wa koyon sana'a. Ku je da ƙafarku ku tambaya, ku yi rajista, ku riƙa komawa. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Yanzu shawara ga mai nema. Kada ka jira shekarar ƙarshe, lokacin da makaranta ta tilasta maka kawo rahoton sitaj, lokacin da kowa ke rububin wuri guda. Fara tun shekarar farko, ko da sati uku ne a hutu. In za ka rubuta takardar nema, kada ka kwafi ta abokinka ka canza suna kawai, darakta ya ga irinta ɗari. Faɗi abin da kake son koya da abin da za ka iya taimakawa da shi. Misali: na iya Excel, zan iya shigar muku da rajistar bara a cikin kwamfuta, ina so in koyi yadda ake tsara kasafin kuɗin gari. Mai irin wannan takarda ya fi saurin samun amsa, domin ya zo da abin bayarwa.

In an karɓe ka, nemi abu huɗu tun ranar farko: takardar yarjejeniya tsakanin makarantarka da wurin, sunan wanda zai kula da kai, aikin da za ka yi, da ranar gamawa. Ka sayi ƙaramin kaye, kowace yamma ka rubuta abin da ka yi da abin da ba ka gane ba. Bayan wata biyu, kayen nan shi ne rahotonka, ba sai ka je intanet ka kwaso na wani ba. Ranar tahiya kuma kada ka fita sai da takardar shaida mai sa hannu da hatimi, wadda ta faɗi ainihin abin da ka yi. Aikin sa kai ma haka: ka nemi shaida. Babu kunya a ciki.

To amma kada in yi muku zaƙin baki. Harkar nan tana da ƙaya, kuma dole a faɗe ta.

Ƙaya ta farko, sanayya. Sau da yawa wanda ke da kawu a biro shi ke samun wuri, ɗan talaka daga ƙauye ya ajiye takarda goma ba amsa. Ta biyu, sitaj na zaman banza: wata biyu kana sayo wa ma'aikata abinci, kana dafa shayi, kana kai takarda wajen fotokofi, ka fita yadda ka shiga. Ba laifi ba ne ƙarami ya yi wa babba aike, tarbiyyarmu ce, amma in aiken ya cinye koyon, an ci amanarka. Ta uku ta fi ciwo: sitaj marar ƙarshe. Akwai matasa a ƙasar nan, musamman a fannin lafiya da koyarwa, da sunka share shekaru suna aikin cikakken ma'aikaci da sunan sa kai, suna kwana a bakin aiki, ko kuɗin kabu-kabu ba a ba su, ana ce musu su ƙara haƙuri. Sa kai abu ne da mutum ya zaɓa, yana da farko yana da ƙarshe. In wuri ba ya iya tafiya sai da kai shekara da shekaru, to ma'aikaci ne kai, haƙƙinka a biya ka.

Ƙaya ta huɗu ta shafi ƙannena mata. Mun san akwai masu amfani da kujerarsu su nemi abin da bai dace ba kafin su sa hannu a takarda. Ƙanwata, in haka ta same ki, laifin ba naki ba ne. Ki faɗa wa malamin da ke kula da ke, ki faɗa a gida, ki ajiye saƙonnin da anka turo miki. Mu kuma maza, kada mu zama masu cewa ta yi shiru don kada a ji. Irin wannan ne ke sa iyaye hana ɗiyansu mata fita, kuma asarar ta kowa ce.

Ta biyar, tsaro. Ba mu manta da abin da ya faru a yankin Tiliya a watan Maris na 2021 ba, Allah ya jiƙan waɗanda sunka rasu. Duk wanda zai tura ɗalibi arewa, wajibi ne ya san halin da hanya ke ciki, kuma ɗalibi yana da damar ya ce ba zai je ba. Ba takardar shaidar da ta kai rai.

Saboda haka ina da kira, kuma ina so a ji shi har inda ya kamata.

Ga shugabannin jami'a da sauran makarantu: a ƙulla yarjejeniya da ma'aikatun magajin gari da sauran ma'aikatu na jihar nan, a lissafa wuraren da ke akwai, a manna a allo kowa ya gani, a raba bisa ƙa'ida. Malami kuma ya leƙa ɗalibinsa ko sau ɗaya a inda yake sitaj. Ga masu karɓar ɗalibai: in ba ku da abin biya, ku ba da kuɗin zirga-zirga, ku ba da mutum guda mai koyarwa, ku ba da aiki na gaske. Ga magadan gari: ɗalibai biyu ko uku a lokacin hutu, da ɗaki da abinci, ba za su karya kasafinku ba, kuma za su rage muku tarin takardun da ke jibge. Ga yayyenmu da ke aiki, da attajiranmu na gida da na waje: kowa ya ɗauki yaro guda da ba ɗan gidansu ba. Ga iyaye: in yaro ya ce zai tahi aikin da ba a biya na wata biyu, kada a ce masa wahalar banza ce. A tambaye shi mi zai koyo, wa zai koya masa, yaushe zai gama. In yana da amsa, a sa masa albarka.

Mu ɗalibai kuma akwai abin da za mu iya yi tun yau ba tare da jiran kowa ba. Kowane aji ya buɗe kaye guda: wa ya yi sitaj, a ina, wa ya karɓe shi, mi ya koya, wurin yana da kyau ko a guje shi. Ƴan shekara ta uku su miƙa wa ƴan shekara ta biyu. Cikin shekara biyu za mu samu abin da zai rage ƙarfin sanayya, domin wanda ba shi da kawu zai samu yayye. Sannan kafin hutu mai zuwa, kowa a ɗakin nan ya rubuta sunan wuri uku, ya kai takarda da kansa, ɗaya daga ciki ya kasance a garinsu ko ƙauyensu. In an hana ka a biyu, na ukun yana nan. In duk sun hana, tara yaran unguwa ka fara da su, ka rubuta abin da ka yi.

Ƙasar Adar duwatsu ne da fako, ba ta taɓa ba kowa abinci a sauƙaƙe ba. Matan Keita da manoman Illela sun nuna cewa tana amsa wa wanda ya sunkuya ya taɓa ta. Mu da Allah ya ba damar karatu, bashi ne a kanmu mu haɗa abin da ke cikin kaye da abin da ke hannunsu.

Allah ya sa albarka a karatunmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka. Wanda ke da tambaya ko gyara, fili nasa ne.